Ƙwan lantarki mai tsimi: alkawarin kwali da gaskiyar ɗaki

A kantunan Matameye ƙwan LED ya kori tsohon ampul mai zare. Galibinsa ƙirar ƙasar Sin ne, wani kuma ta hanyar Kano da Daura yake shigowa. A bisa kwalinsa akwai alkawari biyu: ƙarancin cin wuta, da tsawon rai har awa 15.000 ko 25.000. Shin ana cika su?

Na farko dai gaskiya ne. Ƙwan LED na ƙwarai mai wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon ampul mai wat 60. In ana kunna su awa 5 kowane dare, tsohon zai ci kilowat-awa 9 a wata, sabon kuwa bai kai 1,5 ba. Magidancin da ke biyan takardar Nigelec zai ga bambancin a aljihunsa.

Na biyun ne ke da magana. Awa 25.000 ta zarce shekara 13 a wannan lissafi, amma sau da yawa ƙwan araha ba ya ganin damina biyu. Dalili kuwa, ana gwada shi ne cikin ɗaki mai zafin digiri 25, alhali a ƙasar Damagaram zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Zafin nan shi ke cinye ƴar na'urar da ke gindin ƙwan. Sannan ga hawa da saukar ƙarfin wuta. Yankin ya daɗe yana dogara da layin da ke fitowa daga Katsina, kuma lokacin da Najeriya ta katse wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, masu hali da yawa sun koma ga janareto, wanda wutarsa ba ta cika daidaituwa ba.

Akwai kuma algus. Wasu masu ƙira suna rubuta wat mai yawa a kwali alhali hasken bai kai ba. Ma'aunin haske na gaskiya shi ne lumen: madadin ampul mai wat 60 ya kamata ya kai lumen 800.

Saboda haka mai saye ya dubi lumen, ya nemi a gwada masa ƙwan a gabansa, kada kuma ya rufe shi cikin gilashin da iska ba ta shiga. Ɗan kasuwa shi ma ya kiyaye, domin ƙwan da ya mutu cikin wata uku da amanar mai saye yake tafiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.