Zullumin da Ba Ya Ƙarewa: A Yi Masa Gardama ko a Fara Sauraronsa?

Akwai uwar da idan ɗanta ya kama hanyar Kano zuwa Abuja ba ta sake samun sukuni. Ta kira shi bai ɗauka ba, kafin ta sake bugawa har ta gama hango motar a kife. Ya sauka lafiya, sai tunanin ya koma kan kuɗin makaranta, daga nan ya faɗa kan hawan jinin maigida. Idan irin wannan zullumi ya shafe wata shida kusan kullum, yana hana barci da natsuwa, likitocin ƙwaƙwalwa sun ce ciwo ne, kuma ana maganinsa da magana.

Hanyar da ta fi shahara ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wato CBT, wadda Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Tsarinta irin na kotu ne: kawo hujja. Likita zai ce wa waccan uwar: "Hajiya, sau nawa abin da kike tsoro ya taɓa faruwa? Ki rubuta." Akan ma ware wa mutum kamar rabin sa'a a yini ya yi damuwarsa a ciki, in ta taso a wani lokaci ya ce mata ta jira. Hanyar tana aiki, babu ja.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne, Hajiya ba ta ɗauki damuwar a matsayin ciwo ba. A wurinta kulawa ce. Uwar da ta kwanta ta yi barci ɗanta yana hanya, wace irin uwa ce? Sai ta ce "to, likita", ta koma gida ta ajiye takardar a ƙarƙashin filo.

Nan hirar zaburarwa ta shigo, wadda William Miller ya fito da ita a 1983 don masu fama da shan giya. Ita ba ta musu. Takan tambaya: "Me damuwar nan take tsare miki? Me kuma ta raba ki da shi?" Sannan a yi shiru, har mai ɗaki ta nuna inda yake mata yoyo. Amma hirar ita kaɗai ba ta koyar da dabarar kwantar da zuciya.

A 2016 Henny Westra da abokan aikinta suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Kanada da mutum 85 masu matsanancin zullumi. Wasu sun yi zama 15 na CBT zalla, wasu zama huɗu na hirar zaburarwa, sannan 11 na CBT da ake sirkawa da ita duk sanda aka ga turjiya. Da aka kammala, bambancin bai taka kara ya karya ba. Bayan shekara guda kuwa, waɗanda aka haɗa wa hanyoyin biyu sun ci gaba da samun sauƙi fiye da sauran.

A ganina, wanda ya zo da shirin rabuwa da damuwarsa, CBT ta ishe shi. Irin su Hajiya kuwa, a fara jin ta bakinsu kafin a miƙa musu takarda da biro.