Yadda Ruwa Ke Fafe Dutse

Ya kai ɗalibi, ko ka taɓa lura da ramukan nan masu santsi a kan falalen dutse a bakin rafi, kamar an dasa turame? Ba mutum ya sassaƙa su ba. Idan rafi ya kawo da damina, tsakuwa kan faɗa cikin ɗan tsagi, ruwa ya yi ta juya ta tana goga dutsen. Shekara da shekaru, sai tsagi ya zama rami.

Haka ma magangarar ruwa take samuwa. Inda dutse mai tauri ya haɗu da mai taushi, ruwa yakan cinye mai taushin ya bar mai taurin a tsaye, sai ya riƙa faɗowa daga sama, kamar a Matsirga kusa da Kafanchan. Wurin da yake dira kuwa yakan haƙe shi ya zama gurbi mai zurfi.

A kudancin Jihar Kano, duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ragowar tsohon dutse ne mai aman wuta. Namu na Karaye da Rogo ba amansu aka yi ba. Yawancinsu a can ƙarƙashin ƙasa suka narke suka sandare, amma wajen tauri ba baya ba ne. A ƙasar Karaye ne aka tare kogin Challawa da madatsa mai tsawon mita 42 zuwa sama, aka gama ta a 1992.

To, ga inda gizo ke saƙar. Gurbi yana da daɗin wanka lokacin bazara, amma ido ba ya gane zurfinsa. A gindin magangara ruwa juyawa yake yi, ya danna mutum ƙasa, ya ɗago shi, ya sake dannawa. Wannan shi ne abin da yara ke cewa wani abu ya ja musu ƙafa. Ko gwanin iyo yakan gaza. Kada ka yi tsalle ka faɗa da ka, don wataƙila akwai dutse a ɓoye. Kada kuma ka je kai kaɗai.

Ruwan da ya kwanta shiru ma yana da nasa. A nan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya suke zama, ƙwayar kuwa ta fata take shiga. Iyaye, in yaro ya fara fitsari da jini, ba alamar girma ba ce, a kai shi asibiti, akwai magani.