Sākewar Ma'aikata da Sha'anin Diyyar Rauni: Misali daga Ƙasar Japan

Kalmar diyya ta shigo Hausa daga Larabci, kuma asalinta ita ce dukiyar da akan biya saboda rai ko gaɓar da aka salwantar. A zamanin nan ma'anarta ta yalwata har ta haɗa da kuɗin da ake bai wa ma'aikaci idan ya ji rauni a bakin aikinsa. Bambancinta da ta dā shi ne, ba a bukatar a tabbatar da laifin kowa. Mai ba da aiki yana zuba wani kaso a asusun inshora tun kafin tsautsayi ya auku, sa'an nan a biya wanda abin ya faɗa wa daga ciki. To, duk dokar diyya an tsara ta ne da wani irin ma'aikaci a zuci. Idan ma'aikatan ƙasa suka sāke, sai raunin da suke ji ya sāke, dokar kuwa ta zama kamar rigar da aka ɗinka wa wani, wani dabam ya sa. Ƙasar Japan ita ce misalin da ya fi bayyana wannan.

Ma'aikacin da aka yi dokar dominsa

A shekarar 1947 ne Japan ta kafa dokar inshorar haɗarin aiki, wadda mutanen ƙasar suke kira rosai a taƙaice. Mai ba da aiki shi kaɗai ke biyan kason, ba a cire ko anini daga albashin ma'aikaci. Kason yana bin girman haɗarin sana'a: aikin ofis kaɗan ne, haƙar ma'adinai kuwa ya ninka shi sau da dama. Wanda ya ji rauni ana yi masa magani kyauta, kuma daga rana ta huɗu ta rashin zuwa aiki ana ba shi kashi 60 cikin ɗari na matsakaicin ladansa na yini, da ƙarin kashi 20 na tallafi.

Ma'aikacin wancan zamani galibi namiji ne mai jini a jika, yana aiki a ramin kwal, ko masana'antar ƙarfe, ko wurin ƙera jiragen ruwa. Haɗarinsa mai kisa ne. A shekarar 1961 mutum 6,712 suka mutu a bakin aiki, kuma a 1963 fashewar da ta auku a mahaƙar kwal ta Miike ta kashe mutum 458. Irin waɗannan masifu suka jawo dokar kiyaye lafiyar ma'aikata ta 1972. Tun daga nan mace-mace suka yi ta raguwa, har a 2023 suka sauko 755.

Yadda jama'a ta tsufa

Tsakanin 1947 da 1949 ana haifar yara wajen miliyan 2.7 kowace shekara a Japan. A 2023 waɗanda aka haifa ba su kai 730,000 ba. Masu shekarun aiki, watau daga 15 zuwa 64, sun kai ƙololuwar yawansu a 1995, wajen miliyan 87, amma a 2023 sun koma wajen miliyan 74. Da matasa suka yi ƙaranci, sai hukuma ta juya ga dattawa. Daga 2013 ya zama wajibi kamfani ya ci gaba da riƙe ma'aikacin da ke so har shekara 65, daga 2021 kuma aka ɗora wa kamfanoni yin ƙoƙarin samar masa aiki har 70. A 2023 masu shekara 65 zuwa sama da ke aiki sun wuce miliyan 9.

Ga abin da ya biyo baya. Raunin da ke hana mutum aiki kwana huɗu ko fiye ya sauko zuwa 105,718 a 2009, amma a 2023 ya hau 135,371. A wannan shekara masu shekara 60 zuwa sama ba su kai kashi 20 cikin ɗari na ma'aikata ba, amma kashi 29 na masu rauni daga cikinsu suke. Haɗarin da ya fi yawa kuwa shi ne zamewa ko tuntuɓe a faɗi a kan daɓe, a kantuna da gidajen kula da tsofaffi, inda mata masu manyan shekaru suka yawaita.

Dalilin a fili yake. Da shekaru, gani yakan ragu, ƙafa ta rage ɗagawa, ƙashi kuma ya yi rauni, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada. Faɗuwar da saurayi zai yi ya tashi ya kaɗe rigarsa, ita ce dattijuwa za ta yi ta karye a ƙugu, ta yi watanni a kwance.

Abin da wannan ya jawo wa inshora

Na farko, jinya ta ƙara tsawo, sabili da haka kowane rauni ya fi tsada ga asusu. Tun da yake manyan kamfanoni ana ƙara musu kaso ko a rage gwargwadon haɗarin da ya auku a wurinsu, akwai tsoron kada wasu su guji ɗaukar dattawa, ko su ɓoye rauni, ko da yake ɓoyewar laifi ce a doka.

Na biyu, rarrabewa tsakanin ciwon aiki da ciwon tsufa ta yi wuya. Idan mai shekara 67 ya kamu da ciwon baya, ko jini ya tsinke masa a ƙwaƙwalwa, sai an tantance ko aiki ne ya jawo, ko kuwa cuta ce da ke jikinsa tun dā.

Na uku, ana lissafin diyya bisa ga ladan wata uku na ƙarshe. Dattijon da aka sāke ɗauka bayan ritaya yawanci albashinsa ya ragu ƙwarai, don haka diyyarsa ƙarama ce, alhali jinyarsa ce ta fi tsawo.

Na huɗu, akwai waɗanda rigar ba ta rufe su ba sam. Dattawa da yawa suna samun ƙananan ayyuka, kamar gyaran itatuwa da shara, ta hannun cibiyoyin samar wa tsofaffi aiki. Galibinsu doka ba ta lissafa su ma'aikatan kowa ba, saboda haka rosai ba ta shafe su.

Baƙi da matsalar harshe

Hanya ta biyu ta cike gurbin matasa ita ce ɗauko baƙi. A watan Oktoba na 2023 ma'aikata baƙi sun wuce miliyan 2, 'yan Biyetnam kuma sun fi 'yan kowace ƙasa yawa a cikinsu. Doka ba ta bambanta su da 'yan ƙasa wajen diyya. Amma mutumin da ba ya iya karanta gargaɗin da ke jikin inji, ba ya kuma gane kiran da aka ƙwala masa cikin gaggawa, ya fi kowa kusa da haɗari, kuma sau da yawa bai san yana da hakki ba balle ya nema. Saboda wannan ma'aikatar ƙwadago ta fitar da littattafan kiyaye haɗari cikin harsuna da dama.

Gyaran da aka yi

A 2020 hukuma ta ba da jagora kan gyara wuraren aiki domin dattawa: ƙara haske, sa abin dafawa a matakala, daidaita tudu da kwari a daɓe, da auna ƙarfin jikin ma'aikaci kafin a ba shi aiki. A shekarar kuma aka fara haɗa ladan mai aiki biyu wajen lissafin diyyarsa. Daga Nuwamba 2024 masu zaman kansu da ke yi wa kamfanoni aiki suka sami izinin shiga inshorar, amma su ke biyan kasonsu.

Kowane gyara daga cikin waɗannan ya zo ne bayan ma'aikatan sun riga sun sāke, kuma a tsakani akwai mutanen da suka ji rauni suka yi jinya da aljihunsu. Ƙasar da ke son dokar diyyarta ta yi amfani, lalle ne ta riƙa duba ko su wane ne ke aiki a cikinta, shekarunsu nawa, wane harshe suke ji, da kuma ko doka ta san da zamansu.