Bidiyo a Matsayin Shaida: Laƙaba wa Ayyukan Ɗan'adam Suna a Gidaje Masu Lura

Gida mai lura shi ne wanda aka dasa wa ƙananan na'urori a ƙofofi da famfo da murhu domin su riƙa rubuta duk motsin da ya auku. Babbar manufarsa ita ce kula da tsofaffi masu zaman kaɗaici, ta yadda za a gane da wuri idan mutum ya daina cin abinci ko shan magani. Sai dai abin da na'urar ke rubutawa bai wuce lokaci da alama ba: an buɗe firiji ƙarfe bakwai, an rufe. Kafin kwamfuta ta koyi cewa wannan shirin karin kumallo ne, dole wani ya fara laƙaba wa bayanan suna.

Nan ne bidiyo ya shigo. Ana ɗaukar hoton mazaunin gidan yayin da na'urorin ke aiki, a daidaita agogon kyamara da nasu, sannan mai nazari ya zauna yana kallo yana sa iyakar kowane aiki. Haka aka yi a gidan gwaji na PlaceLab, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe a 2004. Aikin na cin lokaci ƙwarai. Masu tattara bayanan Opportunity a Turai sun bayyana a 2010 cewa bidiyon minti talatin kan ci awa bakwai zuwa goma. A Amsterdam kuwa, Tim van Kasteren ya kauce wa kyamara a 2008, inda mazaunin gidan ya riƙa faɗin abin da yake yi ta na'urar magana ta kunne har tsawon kwana 28. Hanyar ta fi sauƙi, ta kuma kare sirri, amma wanda ya manta bai yi magana ba ya bar giɓin da ba mai cikewa.

Matsalar da ta fi zurfi ta harshe ce. Bidiyo na nuna motsi, ba ya nuna inda aiki ya fara. Shin girki ya soma ne daga wanke tukunya ko daga kunna wuta? Masu nazari biyu kan saɓa a kan wannan, shi ya sa ake auna daidaituwarsu da ma'aunin da Jacob Cohen ya gabatar a 1960. Kuma yawancin jerin sunayen da Ingilishi aka tsara su. Inda Bahaushe zai bambance dafawa da suya da tuƙi da turarawa, jerin kan tattara su duka ƙarƙashin kalma ɗaya, kwamfutar kuma ba za ta taɓa koyon bambancin da ba a sa mata ba.

Masana harshe ba baƙi ba ne ga wannan aiki. Manhajar ELAN, wadda Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta samar domin rubuta magana da ishara daga bidiyo, ita ce wasu masu wannan bincike ke ara, domin tana ba da damar jera laƙabi hawa-hawa a kan daƙiƙa guda: tsayuwa a hawa ɗaya, motsin hannu a na biyu, girkin kansa a na uku.