Daga Fatar Gurmi Zuwa Fuskar Jita

Makaɗan gurmi da goge a ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama sun san cewa idan fata ta saki, kiɗa ya mutu. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya motsa iska sosai. Girgizarta take miƙa wa fatar da aka ɗaura a bakin duma, fatar ta bugi iska, duman ya tattara amon ya ƙara masa kauri.

Haka jita take, sai dai a madadin fata allon katako ne siriri, mai kaurin kusan milimita 3. A 1862 Antonio de Torres, gwanin haɗa jita a Sifen, ya yi wata da baya da gefuna na kwali, ya sa mata fuskar katako mai kyau, ta kuwa yi amo. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

An daɗe ana yin fuskar da itacen sufurus. A shekarun 1960 José Ramírez na Uku a Madrid ya fito da martabar itacen jan sida, wanda ke tsiro a yammacin Kanada da Amurka. Sida ba shi da nauyi, yana da taushi, don haka da an ɗan taɓa tsirkiya sai ya amsa da murya mai zaƙi. Ya dace da mai kaɗawa da yatsu. Aibinsa biyu ne: idan aka doke shi da ƙarfi amon yakan cushe, kuma farce ma yana yi masa tabo.

Akan haɗa shi da katako mai tauri a baya da gefe. A nan ne zancen ya iso gida, domin maɗacin da muke ɓare wa ɓawo don magani ɗan'uwan mahogani ne, kuma dangin maɗaci na Afirka suna jikin jitoci da yawa a duniya. Ga kunnena, sida da mahogani sun fi kowane haɗi fitar da waƙa tsaf ba hayaniya.

Saran itatuwan katako ya yi yawa har yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ta sa ido kan cinikin madobiya daga 2017, ta ƙara da maɗaci a taronta na 2022. Mai gona da ke da maɗaci, don Allah ya bar shi ya girma, ya kuma dasa wani.