Ɗiban Wuta

Wanda ya tashi a ƙauyukan Gwandu da Kalgo kafin ashana ta yi araha ya san ɗiban wuta. Da sassafe sai ka ga yarinya ta fito da tsingaro a hannu, ta nufi gidan da hayaƙi ya fara tashi. "Salamu alaikum. Gwaggo, wai in ji Inna a ɗiba mata wuta." Matar gida ko ɗaga kai ba ta yi daga tukunya. Ta ja itace ɗaya, ta kakkaɓe garwashi biyu uku a tsingaron, ta ce, "Ki gaishe ta. Kula da zanenki." Yarinya ta juya tana kare garwashin da tafin hannu saboda iska. Kafin ta kai gida wata ta tare ta da nata tsingaron. Daga murhu ɗaya gida biyar sun ɗora sanwa.

A gari irin Cheberu ba a rasa gidan da aka sani da cewa wutarsa ba ta mutuwa, kuma matar wannan gida ce ta fi ɗaukar hankalina. Ranar farko abin da ta bayar bai rage mata komai ba. Amma da ta ga washegari an dawo, an kuma dawowa, sai ta fara kwana da tunanin masu zuwa. Da dare ta tura kututture cikin murhu ta lulluɓe shi da toka. Da damina ta ɓoye busasshen kara a ƙarƙashin rumbu. Ta riga kowa tashi. Tunda kullum ana sallama a ƙofarta, ita ke fara jin wanda ya kwana da zazzaɓi. Ita ce kuma ke lura cewa gidan wane kwana biyu ba a aiko ɗiban wuta ba, ta kuwa san ma'anar hakan: babu abin ɗorawa. Da magariba sai ga kwanon tuwo a rufe ya nufi gidan, ba tare da an ce komai ba.

Ana yawan cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, sai dai wasu na faɗin haka kamar masu zubin adashe, suna jiran ranar kwasa. Wannan mata ba ta lissafi. Halinta ne ya sauya tun kafin wani ya rama mata.

Zakkar amfanin gona tana da ma'auni: ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahala da kuɗi aka yi ban ruwa, kamar yadda masu shinkafar rani ke yi a fadamun Kebbi. Ana fitar da ita bayan girbi. Garwashi kuwa ba a auna shi da mudu, kullum ne. Haka ma karatu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rasu a Gwandu a 1829, amma har yau ana ɗibar abin da ya rubuta daga zaure zuwa zaure.

Yanzu ashana ta kashe tsingaro, sai dai buƙatar ta sake kama. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, lita ɗaya da manomi ya tsiyaya wa maƙwabcinsa don injin ban ruwa ta zama babban abu. Akwai kuma mai faifan sola a kan rufin zaure. Wayarsa ɗaya ce, cikin awa biyu ta cika. Amma tun da yaran unguwa suka fara zuwa da "Baba, a sa mana caji," ya sayo soket mai baki shida, ya kafa katako a bango don kada wayoyin mutane su kwana a ƙasa. Da hunturu, bayan sallar asuba, za ka gan shi a kan tsani da tsumma yana goge ƙurar da ta kwanta a kan faifan.