BABI NA UKU: ƘA'IDOJIN SAUYA WA BAYANAI MAZAUNI DA MATSAYIN RAHOTO A MANYAN RUMBUNAN BAYANAI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake shirya bayanai cikin jadawali-jadawali a rumbun bayanai na kwamfuta. A wannan babi kuwa za a dubi inda ake ajiye waɗannan bayanai, da ƙa'idojin da ake bi wajen ɗauke su daga ma'adana mai tsada zuwa mai araha. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙa'idar da aka gina a kan shekarun bayani kawai tana iya jefa ma'aikata cikin asara, muddin babu rahoton da ke nuna yadda ake amfani da bayanan a zahiri. An ɗauki manhajar Oracle a matsayin misali saboda yawan manyan ma'aikatun da ke aiki da ita.

3.1 Ma'anar Ma'adana Mai Hawa-hawa

Ma'adana mai hawa-hawa tsari ne na rarraba bayanai a kan na'urorin ajiya daban-daban gwargwadon yawan bukatarsu. Ana iya kwatanta shi da mai kanti: kayan da ake tambaya kullum suna kan kanta, sauran kuma suna sito. A hawa na sama akwai faifan SSD mai sauri da tsada. A tsakiya akwai faifan maganaɗisu mai juyawa. A ƙasa kuma akwai kaset, ko ma'adanar haya ta intanet. Kaset ɗin LTO na farko, wanda ya fito a 2000, gigabait 100 yake ɗauka, amma na tara, wato na 2021, yana ɗaukar terabait 18. Wannan ne ya sa har yau ba a jingine kaset ba.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1987 Jim Gray da Gianfranco Putzolu na kamfanin Tandem sun gabatar da abin da aka sani da ƙa'idar minti biyar. Bisa farashin wancan zamani, sun lissafa cewa shafin bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya a kowane minti biyar ya fi araha a bar shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta da a riƙa ɗauko shi daga faifai. Farashi ya sauya matuƙa tun daga lokacin. Abin lura dai shi ne ma'aunin da suka yi amfani da shi: yawan nema, ba tsufan bayani ba.

3.2 Yadda Ake Gina Ƙa'ida

Kafin a iya ɗauke wani sashe na jadawali a bar wani, sai an yanka jadawalin gida-gida. Oracle ta samar da wannan dama a 1997. A ɗauka wani banki yana da jadawalin hada-hadar kuɗi na shekara goma. Idan aka yanka shi wata-wata, za a sami yanki 120, kuma kowane yanki yana iya zama a hawan da ya dace da shi.

A 2013 kamfanin ya ƙara abubuwa biyu a fitowar da ake kira 12c. Na farko shi ne Heat Map, wato taswirar zafi, wadda ke rubuta lokacin da aka karanta kowane yanki da lokacin da aka yi masa gyara. Ba ta aiki sai mai kula da rumbu ya kunna ta, kuma ba ta lissafa taɓawar da manhajar ke yi don hidimar kanta, kamar tattara ƙididdiga. Na biyu shi ne tsarin da ke aiwatar da ƙa'idoji da kansa bisa abin da taswirar ta rubuta. Misali, ana iya umartar sa da ya matse duk yankin da ya yi kwana 90 ba a gyara shi ba domin ya rage cin wuri.

Sauya mazauni kuwa, a bisa asali, cikar wuri ce ke tayar da shi. Idan zauren ajiya ya cika zuwa kashi 85 cikin ɗari, sai tsarin ya fara kwashe yankuna mafi sanyi zuwa hawa na ƙasa, har sai an sami sarari na kashi 25 cikin ɗari. Mai kula da rumbu yana da ikon sauya waɗannan alƙaluma. Galibi ana yin aikin ne a lokacin da aka ware don gyare-gyare, wanda a ranakun aiki yake farawa da ƙarfe goma na dare.

3.3 Inda Ƙa'ida Kan Yi Tuntuɓe

Matsala ta farko ita ce sanyin da ba na gaskiya ba. A koma ga misalin banki. Hada-hadar watan Janairu tana iya yin wata goma sha ɗaya ba wanda ya waiwaye ta, ƙa'ida ta ɗauke ta a matsayin matacciya ta tura ta ƙasa. Da shekara ta ƙare masu binciken kuɗi suka iso, sai a nemi bayanan shekarar gaba ɗaya a lokaci guda. Idan hawan ƙasan faifai ne, jinkiri kawai za a gani. Idan kuwa an fitar da bayanan daga rumbun zuwa ma'adana irin Glacier Deep Archive, wadda Amazon ta buɗe a 2019, ɗauko su yana iya kai wa awa 12, kuma ana biyan kuɗin ɗaukowa. Har wa yau, duk abin da aka zuba a can ana cajin sa kuɗin kwana 180 ko da an cire shi kafin nan. Ke nan arahar da aka gani a takarda tana iya ƙarewa a ɗaukowa guda.

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce. Idan akwai wani lissafi da ake gudanarwa a ƙarshen kowane wata wanda ke bin jadawalin tun daga farko har ƙarshe, to kowane yanki zai bayyana a taswira kamar an karanta shi kwanan nan. Ƙa'idar da ta ce a ɗauke abin da ya yi kwana 90 ba a taɓa ba, ba za ta taɓa tashi ba. Ma'aikata za ta ci gaba da sayen faifai mai tsada, alhali tana zaton tsarinta yana aiki. A ganin mai wannan bincike wannan ta fi ta farko haɗari, domin babu wanda zai kawo kuka.

Wani abu kuma shi ne, ƙa'idar da ta shafi yanki guda sau ɗaya take aiki, daga nan sai ta tsaya. Idan yankin ya sake yin zafi, tsarin ba zai mayar da shi sama da kansa ba.

Sai kuma doka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta Nijeriya ta 2022 ta wajabta wa cibiyoyin kuɗi adana bayanan hada-hada na aƙalla shekara biyar, yayin da dokar kare bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu. Taswirar zafi ba ta san da ko ɗaya daga cikinsu ba.

3.4 Abin Da Ya Kamata Rahoto Ya Ƙunsa

Oracle tana ajiye tarihin kowace ƙa'ida: lokacin da aka gwada ta, ko ta zaɓi yanki ko ta tsallake shi, da dalilin tsallakewar, da sakamakon aikin. Jera yawan terabait ɗin da ke kowane hawa bai wadatar ba. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya nuna yankunan da aka saukar ƙasa amma aka koma neman su, da wanda ya neme su, da tsawon lokacin da ya jira. Haka kuma ya kamata ya bambance karatun da ma'aikaci ya yi saboda bukatar abokin hulɗa da wanda wani lissafin wata-wata ya yi a kan hanyarsa ta wucewa. Wannan bambanci taswira ba ta fitar da shi, sai an haɗa da bayanan bin diddigin masu shiga rumbun.

Saboda yanayin aikin banki da makamantansa yana zagayowa ne shekara-shekara, shawarar da ake bayarwa a nan ita ce a kunna taswirar zafi a bar ta ta yi aƙalla wata goma sha uku tana tattara bayani, ta yadda za ta ga rufe littattafan shekara guda, kafin a ɗora wata ƙa'idar da za ta fitar da bayani daga kan faifai. A tsawon wannan lokaci ana iya takaitawa ga ƙa'idojin matsewa, tun da bayanin da aka matse yana nan a inda yake, kuma ana karanta shi ba tare da jiran ɗaukowa ba.